Ramin Marmara a Hanyar Dosso

Kafin hanyar mota ta iso mu, ni da yayana muna da jakuna tara. Mukan sayi gero da wake a Matankari da Ɗan Kassari, mu kwana a Dogon Dutsi gindin tsauni, gari na wayewa mu kama hanyar Dosso. Kwana biyar ce tafiyar in dabbobi suna da lafiya. A Dosso mukan sauke kaya kusa da katangar fada, mu ɗauko gishirin Foga mu juyo. Yamai, inda babban Bature yake zaune, ba mu taɓa zuwa ba. Daga Dosso Zabarmawa ke wucewa da kaya. Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, yayana yana da 'ya'ya huɗu, rumbunmu kuwa ɗaya.

Wata shekara bayan girbi, gardi biyu, wato dogaran Bature, suka zo ƙofar mai gari. Aka ce kwamanda, Baturen da ke mulkin yankinmu, yana son a gyara hanya yadda babbar mota za ta taso daga Yamai, ta ratsa Dosso, ta wuce gabas. Kowane gida zai ba da namiji ɗaya, mai jakuna kuma ya zo da jakunansa. Ba a yi maganar lada ba, mu ma ba mu tambaya ba, don mun ga bulalar da ke hannunsu.

Ni na tafi, da yake ni ne ƙarami, na kora jakunan duka. Aka kai mu daji, tafiyar kwana biyu yamma da gari. Aikina shi ne in shiga rami in haƙa marmara, jan dutsen nan mai tauri, in cika mangala, in kai bisa hanya inda wasu ke daɓewa da gungume. Abinci kowa daga gidansa ake aiko masa, ruwa kuma na wani tafki ne da muke sha tare da dabbobi. Kafin wata biyu bayan jakunan ya zama miki. Huɗu suka mutu ina kallo, gardi ya sa aka ja su gefe.

Sai kurkunu ya fito mini a ƙafar dama, har na kasa tsayuwa. Gardi ya ce ko in yi aiki ko gidanmu ya aiko wani. Kwana uku sai ga yayana da sandarsa da ƙullin gumba.

"Tashi ka koma gida," in ji shi.

"Yaya, kai ad da iyali da yawa. Bari in ƙarasa kwanakina."

"Da wace ƙahwa? Hau jakin ga ka tahi. Ka ce ma uwar yara kwana goma ya rage."

Na hau na tafi. Ban ko waiwaya ba, saboda zafin ƙafar.

A rana ta shida wani mutumin unguwarmu ya iso da labari. Ramin ya yi zurfi, an ci ƙarƙashinsa ƙwarai, masu haƙa sun faɗa wa gardi cewa saman yana tsagewa, ya ce su cika kaya tukuna. Ya rufto wa mutum uku, yayana yana ciki. Aka binne su bakin hanya gindin wani gawo, aka tara duwatsu a kai, aka mai da sauran mutane aiki kafin azahar.

Da ƙafa ta yi sauƙi, mai gari ya raka ni ofishin kwamanda. Muka yini a rana. Da yamma tafinta ya fito ya saurare mu, ya shiga, ya dawo ya ce an rubuta. Na tambayi jakunan da suka rage a can, ya ce suna aiki har a gama. Biyu suka dawo mini.

Ranar da kamiyo na farko, babbar motar kaya, ya shigo gari, aka tara mu bakin kasuwa, aka sa makaɗa kiɗa, aka ce mata su yi guɗa. Matar yayana tana cikin waɗanda aka tara. Bayan nan aka matsa mana da noman gyaɗa, mota tana kwashewa a yini ɗaya abin da jakuna ke kaiwa a kwana biyar. Gishiri ma a mota ya riƙa zuwa. Na sayar da jakunan uku da suka rage mini, na koma ɗan dako a wani kanti, ina ɗora buhunan gyaɗa a kamiyo. Matar yayana ta koma wurin danginta a Tibiri da ƙananan yara biyu, ni na riƙe manyan.

Shekara uku ina wannan aiki kafin a ce in bi mota zuwa Dosso in taimaka da sauke kaya. Na zauna bisa buhuna ina duba daji. Da muka kai wurin da na sani, na buga rufin motar da hannu. Direba ya tsaya, ya zaci wani buhu ne ya faɗi.

"Kushewar yayana na nan," na ce masa. "Bar ni in yi mishi addu'a."

Ya leƙo ya duba. "Ina take?"

Na sauka na nema. An faɗaɗa hanyar, an sare gawon, duwatsun kuma an kwashe an cike wani kwari da ruwa ya ci. Na tsaya inda nake zato, na ɗaga hannu, ban kai ƙarshen Fatiha ba ya danna ham.

"Hau mu tahi, ana jiran kayan ga Dosso."

Bayan wata biyu matar yayana ta zo daga Tibiri ganin 'ya'yanta. Muka gaisa, sannan ta ce an gaya mata na bi ta wurin.

"Ka ga kushewar?"

"Na gani," na ce. "Tana nan yadda take."

Ta yi godiya ga Allah, ta ce in ta samu hali wata rana za ta je. Ba ta samu ba har ta rasu, ni kuma ban taɓa gyara maganar ba.