Baƙar Masarar Doña Ubaldina

Duk wanda ya taɓa cin abinci a bakin kasuwar Nicoya ya san Doña Ubaldina Matarrita, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeruwar tsohuwar nan mai tsiwa, wadda in ka gama da shinkafa da wakenka ka nufi kwandon shara da robar da ka ci a ciki, za ta daka maka tsawa daga bayan murhu: "Kai, ajiye mini kayana! A gidanku ake ƙera su?" Ba rowa ba ce, don hannunta a buɗe yake wajen zuba abinci. Ita dai ba ta iya yar da abu.

Da ganyen ayaba ta tashi. Mahaifiyarta, Doña Casilda, ta sha korar ta bakin rafi ta yanko ganye, ta dawo ta gasa shi a wuta har ya yi laushi, sannan a naɗe wa masu saye abinci. Ta tsani aikin nan kamar me. Shi ya sa da farar roba mai murfi ta shigo gari, Ubaldina ta ɗauke ta rahama ce daga sama. A ci, ta wanke, ta shanya, ta zuba allura, maɓalli, magani, tsoffin hotuna, ta jera a ɗakin ajiya na bayan gida. Ɗakin yana yoyo tun mijinta na da rai, amma ina ruwan roba da yoyo?

Abin da Casilda ta bar mata bai wuce irin baƙar masara ba, gajeruwa, mai duhu sosai, wadda babu mai shuka irinta yanzu sai ita. Duk watan Maris, ranar addu'ar tunawa da marigayiyar, da wannan masarar ake dama chicheme, kunun da ake rabawa a irin wannan zama. Tsofaffin unguwa kan kurɓa su lumshe ido su ce, "Casilda ke nan." Don wannan kalma Ubaldina ke noma 'yar gonarta.

Sai aka hana farar roba. 'Yarta Yorleny ce ta kawo sabon mazubi, wanda aka yi da ragowar rake bayan an matse ruwansa. Ubaldina ta juya shi, ta ƙwanƙwasa, ta taɓe baki.

"Mamá, wannan ruɓewa yake yi fa," in ji Yorleny. "Amfaninsa ke nan."

"Tafi can! Wane mai hankali ne zai sayi abu don ya ruɓe?"

Kunnenta ya ji, amma hannun da ya shekara da shekaru yana abu ɗaya ba ya jin magana. A shekarar ruwa ya yi gardama, gonar ba ta ba da abin kirki ba, kuma ɗan abin da aka samu ƙwari suka gama da shi. Ta tsince lafiyayyun ƙwayoyi, cikin tafi biyu, ta duba tsoffin robobinta duk a cike, sai ta zuba a sabon mazubi, ta ɗaure da zare, ta ajiye a kantar ƙasa kamar yadda ta saba. Wallahi ko ɗar ba ta ji ba.

Ruwan Oktoba ya zo kamar da bakin ƙwarya. Da ya lafa ta shiga ɗakin neman fitila, sai ta ji warin danshi. Mazubin ya lotse kamar burodin da aka tsoma a shayi. Rabin irin ya yi funfuna, sauran kuma ya tsiro a cikin duhu, farare sol, saiwoyin sun huda kwalin sun sarƙe. Ta zauna daɓas a ƙasa. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka binne uwarta.

Ta ɗauki abin a tire ta nufi gidan maƙwabcinta Don Evelio, tsohon direban da suke tsokanar juna tun suna 'yan makaranta. Shi kaɗai ke da rijiya a layin.

"Ubaldina, tsufa ne ya fara taɓa ki?" ya ce. "Wa ke shuka damina na naɗe tabarma? Rani zai soya su kamar gyaɗa."

"Shawara na zo nema? Rijiyarka na zo aro, tsohon banza."

"To ɗiba mana. Amma in bayanki ya riƙe, kada ki kira ni."

Shi ne kuma ya riga ta ɗaukar bokiti.

Raba saiwoyin da kwalin ya gagara, sai ta yayyaga shi gutsi-gutsi ta binne su tare a bayan kicin. Wurin tonon, fartanyarta ta ciro wata ledar sukari, ta wani kanti da aka rufe tun Yorleny na goye, rubutun jikinta raɗau kamar jiya aka buga. Ta daɗe tana kallonta. Wata guda bayan haka ta sa yatsa gindin masarar ta ga abin da ya rage na mazubin da take ta tsine wa, ba ta samu komai ba sai ƙasa. Ba ta ce ya burge ta ba, don Ubaldina ba ta sauka daga magana. Ta dai daina tsinuwar.

Rani ya yi rani. Ta riƙa rufe rumfarta da wuri, masu saye na ƙorafi, tana jigilar ruwa safe da yamma. Iskar Janairu ta karya wasu, damo ya cinye wasu. Da aka zo girbi, abin da ta samu bai cika ƙaramin kwando ba. Zai yi tukunyar chicheme ɗaya, ko kuwa ya yi irin shuka. Ba zai yi duka biyun ba.

"Mu sayo wata baƙar masarar a kasuwa mana," in ji Yorleny. "Wa zai gane?"

"Ita za ta gane. Ba zan yi wa uwata ƙarya a gaban mutane ba."

Ranar addu'a gida ya cika. Aka gama, aka fito da kofuna, kowa ya leƙa nasa ya ga kunun fari ne fat, na farar masara. Har Don Evelio mai baki ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe Ubaldina. Ta ɗauki kofi ɗaya ta ajiye gaban hoton Casilda, tsakanin kyandirori, ta gyara tsayuwa.

"Mamá, ki yi haƙuri da wannan," ta ce. "In na dama miki baƙar masararki bana, irin ya ƙare ke nan, ba za ki sake sha ba har abada."