Kalmar da Aka Sallami Namadi da Ita

Namadi mutumin Birnin Tsaba ne. Shekara biyu bayan samun 'yancin kai ya zo Kaura Namoda, aka ba shi gadin mahadar da hanyar kasuwa ta ƙetare layin dogo, da jar tuta da sarƙa.

A shekararsa ta uku jirgi ya take wata yarinya mai tallar gyaɗa a gabansa. Shi ya lulluɓe ta da rigarsa. Tun daga ranar, da lokacin jirgi ya kusa sai ya ja sarƙa, ko an ji kukansa ko ba a ji ba. Jakunan gero su taru, direbobi su yi ta zagi, Namadi ba ya ɗagawa.

Shekaru suka tura, jirgi ya fara fashi, wani lokaci mako guda bai zo ba. Namadi bai fasa ba. "In ya zo fa?" in ji shi.

Direbobi suka kai ƙara. Aka aiko masa takardar sallama da Turanci, an ja layi ƙarƙashin kalma ɗaya: nuisance. Ya kai wa Malam Sirajo, malamin makaranta, mijin ɗiyarsa.

"Malam, mi wagga kalma ka nufi?"

"Baba, mai damun mutane ke nan, fitinanne. Har hayaƙi ko wari ana kiransu haka."

"Ina ta samo asali?"

Sirajo mai son bayani ne, bai dubi fuskar tsohon ba. "Turawan Ingila daga Faransawa suka aro ta. Can asali, cutarwa take nufi."

Namadi ya naɗe takardar.

"Shekara ashirin da shida," ya ce. "Ashe cutarsu nake."

Sirajo ya yi ta rantsuwa cewa yanzu ba haka take nufi ba. Namadi bai saurara ba.

Ranar kasuwa ya bi tashar mota, direba bayan direba, yana cewa, "Ka gafarce ni." Wasu suka yi dariya. Maccido, wanda ya jagoranci ƙarar, ya sunkuyar da kai.

Namadi ya koma ƙauye, damina biyu ya ƙara, ya rasu. Da aka buɗe akwatinsa, takardar na nan, naɗe cikin jar tuta.