Shirun Rediyo

Tana danna maɓallin injin fotokofi, injin ya soma gurnani, ita ma ta soma magana. Haka take yi kowace safiya tun da makaranta ta turo ta sanin makamar aiki a ofishin lauyoyin nan da ke saman wani kantin magani. Takan sunkuyar da kai kamar mai duba takarda, ta raɗa wa injin abin da ta ji jiya: mutumin da ya kawo ƙarar maƙwabcinsa a kan reshen bishiya, da matar da ta sha kuka sannan ta tambayi inda aka sayi labulen ofis. Koren haske yana wucewa a ƙarƙashin murfi, ya dawo, ya sake wucewa, kamar mai sauraro yana gyaɗa kai. Injin bai taɓa kai maganarta gaba ba. Shi ya sa ta amince da shi.

A gida Rediyo ake ce mata. Mijin yayarta ne ya laƙaba mata sunan tun tana firamare, lokacin da yake neman auren yayar, sunan kuma ya bi ta har jami'a. Mama takan ce ba ta tuna ranar da yarinyar ta fara magana ba, ta dai tuna ranar da shiru ya yi ƙaura daga gidan. In an aike ta shago sai ta dawo da sabulu a hannu, rabin unguwa a baki. Ba gulma ce ke cin ta ba. Duniya ce ke shigar mata ta kunne fiye da kima, kamar ruwan sama a rufin da ba indararo, dole ya nemi inda zai zuba. Da ta zaɓi karatun lauya, dangi suka ce an dace, surutu ya sami sana'a.

Ashe abin da za a fara koya mata shi ne rufe baki. Barista, dattijuwa mai tabarau a karan hanci, wadda ke tuɓe takalmi a ƙarƙashin tebur kafin ta buɗe fayil, ta nuna mata ƙofa tun ranar farko.

"Kin ga ƙofar nan? Abin da kunnenki ya ji a bayanta, bakinki bai san shi ba. Ko ga uwarki. Ko ga matashin kanki."

"Ko ban ambaci suna ba, ranki ya daɗe?"

"Wanda ya san mutum ba ya jiran suna."

Rediyo ta ce to. 'Yan makonni ne, ta ce a ranta, ai ko mai tari yana iya daurewa a cikin taro.

A gidan Yaya take zaune, don ya fi kusa da ofis. Yaya tela ce, keken ɗinkinta na falo a gindin taga. Mijinta direban motar ma'aikata ne a wani kamfanin robobi, yana da shuɗiyar riga mai tambarin kamfani a kan aljihu, wadda Yaya ke gogewa kullum da yamma, ta rataye a bayan ƙofa. Ita kuwa Rediyo, Ango take ce masa, ba ta kuma fasa ba har ya fara sanƙo. Da ta shigo zai miƙe ƙafa ya ce, "A kunna mana Rediyo, mu ji labaran duniya."

"Batir ya yi sanyi, Ango. Irin na motarka, sai an tura."

"Barista ba kotu."

"Direba ba birki."

Yaya takan yi dariya da allura a baki, ta ce wata rana sai ta haɗa su ta ɗinke. Rediyo kuwa sai ta ba su abin da ya halatta: fankar sakatariya mai kukan tsohuwar akuya, matakalar da ke ƙare numfashin masu ƙiba, kyanwar kantin magani. Sauran ta adana wa injin.

Wata rana da hantsi aka ce ta kai wa baƙon Barista ruwa. Ta tura ƙofa da gwiwar hannu, kofi na rawa a kan faranti. Shuɗiyar riga ta fara gani, ta baya, da karin gugar da ta sani a kafaɗa. Mai rigar yana cewa, a muryar da ba ta taɓa jin sa da ita ba, "Sun sallame ni tun watan jiya, ranki ya daɗe. Wata mota ce ta goge ni, suka ce laifina ne, ba su ko saurare ni ba. Iyalina ba ta sani ba har yanzu."

Ya juyo don karɓar ruwa. Suka dubi juna. Ruwan ya ɗan zuba a faranti.

"Kun san juna?" in ji Barista.

"Mijin yayata ne."

Barista ta cire tabarau, ta sallame ta da ido. Bayan baƙon ya fita ta kira ta, ta ce ta rufo ƙofa.

"Ba za ki taɓa fayil ɗinsa ba. Abin da kika riga kika ji kuma, ajiya ce, ba naki ba ne. In ya fita ta bakinki, kar ki dawo nan, kuma zan gaya wa makarantarku dalili. Amma ba wannan ne babba ba. Mutum yana tuɓe girmansa a ɗakin nan ne don ya yarda ƙofa a rufe take."

"Yayata ce fa, ranki ya daɗe. Ita ta goya ni."

"Na sani. Da a kan baƙo ne, ai ba za a kira shi aiki ba."

Ango yana jiran ta a kan matakala, ya jingina da bango, hularsa a hannu. Ba ta taɓa lura cewa gajere ne ba sai ranar.

"Ina kake wuni?" ta ce.

"Tasha. Akwai benci. Wani lokaci in taya wani abokina wanke mota." Ya murza hular. "In Barista ta sa suka mayar da ni, kin ga ba abin da ya faru. Me ya sa zan tayar mata da hankali a kan abin da zai wuce?"

"In ba su mayar da kai ba fa?"

"Ke dai ki rufa min asiri, ƙanwata. Ki yi wasanki kamar kullum."

Bai taɓa ce mata ƙanwata ba. Ta ji kalmar ta yi mata nauyi kamar rigar aro.

"Ba zan faɗa ba," ta ce. "Amma ba zan yi mata ƙarya ba. Ka san da wannan."

Daga ranar zama ya gagare ta. A ofis ta jera fayiloli, ta warware, ta sake jerawa. Ta leƙa taga ta ƙirga rufin motoci ta manta lissafi. Ta je gaban injin, ya yi gurnaninsa, ta buɗe baki, sai ta ga ko shi ba za ta iya gaya wa wannan ba. A motar haya takan sauka kafin unguwarsu ta ƙarasa da ƙafa, don hanya ta yi tsawo. Maganar tana yawo a cikinta kamar tsuntsun da ya shigo ɗaki ya rasa taga, ya bugi wannan bango, ya bugi wancan.

Yamma ta fi komai wuya. Yaya ta shimfiɗa bargo a kan tebur, ta yayyafa wa shuɗiyar rigar ruwa da yatsu, dutsen guga ya yi huci. Ta bi wuya, ta bi hannu, ta zagaye tambarin a hankali kada ya ƙone. Wata rana har ta ga aljihun ya fara ɓarkewa, ta zauna ta ɗinke, tana cewa kada a raina mata miji a wurin aiki. Rediyo ta tashi ta shiga kicin, ta wanke kofunan da aka riga aka wanke.

Shi kuwa ya yi ƙoƙari. "A kunna mana Rediyo," in ji shi, idonsa a kan tabarma.

"Na gaji," ta ce.

Ba wanda ya yi dariya. Ba ta san cewa gidan da ya saba da surutu yana jin shiru kamar ƙarar fashewar tulu ba.

Da farko Yaya ta zaci ofis ne. Ta same ta a ɗaki ta tambaya ko wani lauya ne ke damun ta, ta ce in haka ne gobe za ta sa mayafi ta hau matakalar nan. Rediyo ta ce a'a. Ko zazzaɓi ne? A'a. Ko saurayi? A'a. Yaya ta ƙyale ta, amma idon tela ba ya wuce ɗinkin da ya karkace. Ta lura ƙanwarta ba ta zama in mijin ya shigo. Ta lura shi ma ya daina kallon inda take. Ta lura sunan Ango ya ɓace daga gidan. Labarin zuciya a tambayi fuska, fuskokin nan biyu kuwa suna ba da labari, sai dai Yaya ta karanta wani daban, mafi muni.

Ranar da abin ya zo, rana ba ta gama faɗuwa ba. Rigar tana shimfiɗe, dutsen guga a hannun Yaya, shi yana zaune yana juya cokali a shayin da ya huce. Rediyo ta zo wucewa.

"Tsaya," in ji Yaya. Muryarta ba ta tashi ba. "A gabansa zan tambaye ki. Me ya yi miki?"

Sai a lokacin Rediyo ta gane inda tunanin yayarta ya kai. Zargi take yi mijin ya neme ta.

"Wallahi bai yi min komai ba, Yaya."

"To me kika sani?"

Ga maganar nan a bakin harshe, a shirye, gajeriya. Numfashi ɗaya ya ishe ta, kowa ya huta. Ta san ma yadda za ta tsara ta, inda za ta fara, inda za ta sassauta. Duk rayuwarta abin da ta iya ke nan. Ta dubi rigar, ta dubi ɗinkin aljihun, ƙanana, a jere kamar haƙoran jariri.

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ni? Ni ce ba za ki iya gaya wa ba?" Yaya ta ajiye dutsen a tsaye. "Ke da ko mafarki kika yi sai kin tashe ni. To ji nan. Ba zan zauna da mutum biyu suna kallon juna ta bayan kaina ba. Ko ki buɗe baki, ko ki haɗa kayanki ki koma wurin Mama."

Rediyo ta jira. Fanka ta zagaya. A waje wani yana ta danna hon. Ba ta dubi mijin ba, don kallon ma magana ce. Ta haɗiye maganar kamar ƙwayar magani ba ruwa.

"To, Yaya," ta ce, ta juya wajen ɗakin da jakarta take.

Cokali ya daina ƙara.

"Ƙyale yarinyar," in ji shi. "Ajiyata ce a wurinta." Ya tashi ya zare wayar dutsen guga daga bango, ya ɗauke rigar daga tebur, ya ninke ta ba bisa karinta ba. "Zauna, don Allah. Ba inda zan sa ta gobe."

Yaya ta zauna a bakin kujerar keke, hannunta a cinya. Shi ya gyara murya, ya sake gyarawa.

Rediyo ba ta taɓa barin labari a tsakiya ba, nata ko na wani. Kunnuwanta har zafi suke yi. Tana son ta ji ta inda zai fara, tana son ta ga fuskar Yaya, tana son ta cike masa inda zai yi tuntuɓe, don ta san zai yi. Ta tsaya da hannu a kan ƙofa.

Ya ɗago ya dube ta, gefen bakinsa ya ɗan motsa. "Barista ba kotu," ya ce a hankali.

"Direba ba birki," ta ce. "Ka tafi a sannu, Ango."

Ta zura takalmanta, ta fita, ta ja musu ƙofar har sai da ta ji ta kama.