Kibiyar da ta Ɓace wa Bakari

Bakari jikan makiyaya ne da suka yada zango a Miri, kusa da Bauchi, suka kama noma. Shi kaɗai a gidansu ya yi nisa a boko, ya karanci ɗaukar hoton asibiti, ya dawo Bauchi ya sami aiki a wata cibiyar gwaje-gwaje ta 'yan kasuwa mai injin CT. Likitan da ke karanta hotunan ba a garin yake ba, ta intanet ake tura masa. Saboda haka aikin Bakari bai tsaya ga kwantar da mara lafiya a bakin inji ba. Shi zai koma gaban kwamfuta ya buɗe manhajar duba hoto ya shirya komai kafin a tura.

Nan ne ransa yake. Injin yakan fito da jikin mutum falle-falle, ɗaruruwa, shi kuma yana murza 'yar tayar linzamin kwamfuta da yatsa yana bin su tun daga wuya har ƙugu. In huhu yake so, sai ya ja linzamin gefe, haske ya sauya, tsoka ta dushe, huhu ya bayyana da rassansa. In ya hangi wani ɗigo ya zuƙo shi, ya ja layi ya auna, ya juya hoton ya kalle shi ta gefe. Mutum ne mara yawan magana, amma in yana wannan aikin har ɗan kiɗa yake yi da ƙafa. Ya haura shekara goma a kan kujerar nan.

Abin ya fara ne da kibiyar da ke yawo a allon. Sai ya ɗauke ido kaɗan ya neme ta ya rasa, ya yi ta kaɗa linzami har ta faɗo tsakiya. Ya ce kwamfutar ce ta tsufa. A hanyar gida kuma sau biyu mai keke ya kusa kwashe shi yana kan babur ɗinsa, bai ga ta inda ya fito ba. Ya ce masu keken Bauchi ba su da tarbiyya.

Jemima, abokiyar aikinsa da ke karɓarsa da rana, ita ta fara yi masa magana.

"Malam Bakari, wai me ya sa kullum nake tarar da hasken allon nan a ƙure? Har ido yake soka."

"Haka na fi jin daɗinsa," ya ce mata, bai juyo ba.

Wata rana aka kawo wani dattijo mai tsakuwa a ƙoda. Bakari ya ɗauki hoton, ya gano tsakuwar, ya auna ta tsaf. Garin juya hoton ya danna abin da ke kife shi, dama ta koma hagu. Akwai ɗan harafi a gefen allo da ke nuna hakan, amma gefen allo ya daɗe da fita daga ganinsa bai sani ba. Ya rubuta hagu a jikin hoton, ya buga a fim. Jemima ce ta ɗauki fim ɗin za ta sa a ambulan, ta ɗaga shi a haske, ta tsaya.

"Malam, zo ka ga. Hanta ce nan kusa da tsakuwar. Wannan ƙodar dama ce."

Ya zo ya duba. Ta ɗora yatsa a kan harafin, sai da ya karkata kai gaba ɗaya sannan ya gan shi. Aka gyara, dattijon ya tafi bai san an yi ba. Jemima ta rufe ƙofa ta ce a hankali, "Don Allah ka je a duba maka ido. Ba zan gaya wa kowa ba, amma ka je."

Likitan ido bai ɓoye masa ba. Hawan jinin ido ne, ya ci jijiyar gani ta gefe a duka biyun, na hagu ya fi lalacewa. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Maganin ɗigawa sai dai ya rage wa sauran gudu. Bakari ya tambaya ko tabarau zai taimaka, likitan ya girgiza kai.

Da kansa ya sami mai cibiyar ya faɗa masa. Aka ɗauke shi daga kwamfuta, aka bar masa kwantar da marasa lafiya da yi musu bayani. Ta gilashi yakan tsinkayi Jemima a kujerarsa tana murza linzami. Bai yi wata shida a haka ba ya yi karo da ƙarfen ƙarin ruwa, allura ta fizge daga hannun wata mata, ta ƙwalla ƙara. Ba a kore shi ba. Shi ne washegari ya ce wa matarsa Fatu ta daina goge masa farar rigar aiki.

Mutanen Miri ba su daina kawo masa faifan hoto ba, don sun saba in an yi wa nasu hoto Bakari ne ke buɗe musu ya nuna musu inda ciwon yake. Ranar da maƙwabcinsa Sabitu ya kawo na matarsa mai ciwon kai, ya sa Fatu ta ɗauko masa tsohuwar kwamfutarsa ta cinya. Hannunsa bai manta komai ba: ya buɗe, ya murza, ya gyara haske. Amma abin da yake gani bai fi faɗin bakin kofi ba, toka-toka, in ya kama nan can ya kuɓuce. Ya kai hancinsa dab da allo, ya bi fallayen sama da ƙasa, ya sake bi. Sabitu na tsugune yana jira.

"Yaya, akwai wani abu?"

Bakari ya zare faifan, ya lalubi hannun Sabitu ya sa masa.

"Kai wa Jemima a wajen aikinmu na da, ka ce ni na turo ka."

Da Sabitu ya fita, Fatu ta tambaye shi ko ta mayar da kwamfutar ɗaki. Ya ce ta ba ɗan ƙaninsa da ke karatun jami'a a Gubi. Ta ɗauka ta shige ciki, shi kuma ya ci gaba da zama a tabarma har aka kira la'asar.