Ranar da aka miƙa mini makirfo

"Saura kai, direba," in ji ta, ta miƙo mini makirfo.

'Yar jarida ce daga Kolambiya. Na kai ta unguwar Bin Mahmud ta yi hira da 'yan Latin Amurka masu aiki a nan Doha. Duk wanda ta gama da shi, sai ta ce ya gaida mutanen gida. Wani ƙato har da hawaye.

Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Ɗan'uwa, a rediyon ƙauyenmu na fara aiki, ina karanta gaisuwar 'yan ci-rani. Mahaifiyata kullum kunnenta na jikin rediyo, ko yayana zai aiko. Shi ya sa ba na rufe hira sai an yi gaisuwa."

Ai kuwa na gyara murya! Na fara da Inna a Funtuwa, na bi kawunnai, na shiga maƙwabta, har mai shayin layinmu. Tana dariya tana cewa "khalas", wato ya isa haka, ban saurara ba.

Da ta ba ni muryar da ta naɗa, na tura gida. Amsar Inna: "Ka manta Goggo Hanne, ga ta nan ta ƙi cin abinci."

Ku fa, wa za ku fara gaidawa?