Ɗan kwikwiyo a cikin mangala

Jama'a, yau na je zaɓen kare, kare ya zaɓe ni!

Kura ta gama mana awaki a Samaru, saura ɗaya tal. Na kora jaki zuwa Sabon Gari, bayan sabuwar tashar jirgi, wajen Tanko maharbi da karyarsa ta haihu. Na sauke mangala, na tsuguna kamar masani, na nuna mai ƙaton tumbi.

Tanko ya ce, "Baba, ba ƙiba ba ce, tsutsa ce. Ɗaga 'yan kwikwiyon ta ƙeya, wanda bai yi kuka ba shi ne lafiyayye."

Duk wanda na ɗaga sai ihu! Ɗaya kuma an neme shi an rasa. Na haƙura. Da na ɗora mangala na ji nauyi, na ce tsufa ne.

A gida matata Hajo ta leƙa ciki, sai salati. Ga ɓataccen ɗan kwikwiyon kwance, ya cinye kilishin da na sayo mata! Ta cafko shi ta ƙeya, ko uffan.

Ta ce, "Maigida, gobe ka gaya wa Tanko mun riƙe. Wanda ya iya taɓa kilishina, kura ce za ta ba shi tsoro?"