Jan Harshen Inna

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, tuwo ya koma sau ɗaya a gidanmu, bayan la'asar. Kwano huɗu ake zubawa: na Baba, na Kaka mahaifiyarsa, namu na yara, sai na Inna, wadda ke goyon ƙanwata.

Kaka tana da wata al'ada da ta ishe mu. Kullum da safe sai ta zauna a ƙofar ɗakinta, mu jeru, ta ce, "Fito da harshe." Ba ta yi boko ba, amma farin harshe kashi-kashi ne a wurinta. In ya fita da aswakin darbejiya, ƙazanta ce, maganinta rankwashi. Na jariri nono ne, a goge da tsumma mai tsabta. Mai zazzaɓi ya kurkure da ruwan ɗumi da gishiri. Wanda kuwa ya ƙi fita, ko ya yi jini in an kankare, ta ce ya fi ƙarfinta, sai asibitin Gezawa. Akwai kuma na bushewar baki, na wanda cikinsa ya daɗe ba komai.

Da ƙanwata ta fara ramewa, tana kama nono tana saki da kuka, sai Kaka ta sa Inna ma a layi. Harshen Inna ja wur. Kwana da kwanaki haka, jaririya kuma sai ƙara lalacewa take.

Ni na gano dalili. Wata safiya na ga Inna ta ɗauki busasshen zoɓo a ƙwarya, ta tsotse shi, sannan ta fito layi. A lokacin duk abin da ya shiga bakin wani ban samu ba, zalunci ne a wurina. Na tafi kai tsaye na kai ƙara: Inna tana shan zoɓo a ɓoye, ba ta sam mana.

Washegari Kaka ta miƙa wa Inna ruwan gishiri da aswaki, ta sa ta wanke baki a gabanta. Jan ya tafi, fari fat ya fito.

"Ke, yaushe rabonki da tuwo?"

"Ina ci a madafa, Iya."

"Kwanon naki fa, ina yake zuwa?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ashe a namu take juye shi. Gaskiya ban ji kunya ba. Tsoro na ji, kada tuwonmu ya ragu.

Daga ranar Kaka ta karɓe marar kwasar tuwo, ita ke rabo. Inna kuma a ƙofar ɗakin Kaka take ci, Kaka tana kallonta har lomar ƙarshe. Nata kwanon kuwa sai Kaka ta rufe da faifai ta shige ciki, wai ba haƙora gare ta ba, ba ta son ido. Tuwonmu bai ragu ba, ni ma ban tambayi dalili ba. Nono ya dawo, ƙanwata ta yi kumatu.

Wajen wata biyu bayan haka, Kaka ta yanke jiki ta faɗi tana alwala. Aka ɗora ta a amalanke zuwa Gezawa, ni da Inna muna biye da Baba. Malamin asibiti ya ce, "Iya, fito da harshe." Ta datse baki, ta juya fuska bango. Sai da Baba ya durƙusa yana roƙonta sannan ta buɗe.

Malamin ya duba, ya dubi Baba. "Yaushe rabonta da abinci?"

Baba ya kalli Inna, Inna ta kalli ƙasa. Kwana uku Kaka ta yi a can Allah ya yi mata rasuwa.

Ni ce mai wanke-wanke a gidan. Kullum kwanon Kaka a bushe nake tarar da shi, ba ko maiƙon miya. Murna nake yi, don ya rage mini aiki.